Gaisuwata a Fadar Sarauniyar Abalessa

Duk wanda ya ce muku goro ba ya jin ƙishirwa, bai taɓa ratsa sahara da shi ba. Ni na ratsa. Ni Issufu na unguwar Birni a Damagaram, wanda ya yi lekkol har aji uku kafin mushe, wato malaminmu, ya duba ya ga kaina ya cika, ya ce in tashi in ba wasu wuri. Saboda haka abin da za ku ji magana ce ta mai ilimi, ku gyara zama.

Abin da ya fitar da ni da furfurata ba neman kuɗi ba ne, neman aure ne. Kada ku yi dariya tukuna, ba nawa ba. Ɗana Lawali ya daɗe a Tamanrasset yana shimfiɗa karo, wato tayil ɗin daɓe, a gidajen mutane. Tun da ya tafi bai taɓa roƙona ko allura ba, shi ne ma mai aikowa. Sai ga shi rannan a waya yana ta kame-kame kamar wanda ya fasa tulun uwarsa. Wai ya yi aiki a wani gidan Buzaye, ya shimfiɗa musu karo tun daga zaure har madafa, kuma tsakanin zauren da madafar ya ga wata yarinya Mariyama. Ita ma ta gan shi, ba ta ce ya kauce ba. Uban yarinyar ya rasu, magana tana hannun kakarta, wata tsohuwa Hajiya Tekna, ita kuwa ta ce ba ta ba da jika ga mutumin da ba ta ga wanda ya haife shi ba.

"Baba, in ta ce a'a, shi ke nan," in ji shi. "Mariyama ba za ta tsallake maganarta ba. Ni kuwa ban ga wata ba."

Na ce, "To share ɗaki, ga babba nan tafe."

Mu a wurinmu ba a zuwa neman aure hannu wofi. Na sayi ƙwaryar goro, marsa zalla, farare da jajaye, kowanne ya kusa cika tafin hannu. Aka naɗe mini su da ganye, aka sa cikin algarara. Mai goron ya ce, "Malam Issufu, wannan ba kaya ba ne, jariri ne. Kada ya sha iska, kada ya sha rana. Safe da yamma ka yayyafa masa ruwa, wanda ka ga ya fara sankara ka cire shi kafin ya shafa wa ƴan'uwansa." Na ce na reni ƴaƴa har na aurar, goro ba zai gagare ni ba.

A Arlit aka fara koya mini hankali. A tasha wani ɗan kamasho mai baƙin tabarau ya kira ni Alhaji, ya karɓe mini jaka, ya ce ai shi ma uwarsa ƴar Damagaram ce. Ina ba ku shawara kyauta: duk wanda ya tare ku a tasha ya ce uwarsa ƴar garinku ce, ku gaishe da uwar, ku wuce. Ya sayar mini da bido, wato jarka, wanda aka ɗinke da sabon buhu don ruwa ya yi sanyi, har ya cika mini shi da kansa don kada tsoho ya wahala. Sai da motarmu katkat ta yi nisa, gari ya ɓace, ba itace ba tsuntsu, na buɗe don in ba jaririna ruwa, wani wari ya bugi hancina. Gazuwal! Ashe tsohon bidon man mota ne aka yi wa sabuwar riga.

Ni dai zan iya sha, na kuwa sha, na yi ta gyatsa kamar kamyo, babbar motar kaya, mai hawan tudu. Amma goro in ya ji gazuwal, auren ya mutu tun a hanya.

Muna cunkushe a bayan mota, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa, ƙafafu na reto a waje. Kusa da ni wata mata ce ƴar Tasawa, Hajara, za ta wurin mijinta mai shago. Ta ga na cire babbar rigata na lulluɓe ƙunshi, ni kuma na ba rana baya don in yi masa inuwa.

"Baba, me ke cikin nan da kake lallaɓawa kamar mai jego?"

Na ce, "Surukata ce, ƴata. Ba ta son iska."

Da na ba ta labari ta yi ta dariya har sai da direba ya leƙo. Amma da aka tsaya salla sai ta tsiyaya ruwa daga bidonta a kofi, ta miƙo mini. "Ungo, ba ta. Kai kuwa ci gaba da shan gazuwal ɗinka, za ka riga mu isa." Haka ta yi ta yi duk inda aka tsaya. Ina kallo leɓenta ya tsattsage, ta koma kurɓa maimakon sha, ba ta fasa ba. Na zaɓo goro mai kyau na miƙa mata, ta ture hannuna. "Na amarya ne. Ba na ci sai an ɗaura." Muna isa mijinta ya zo ya ɗauke ta, ban ƙara ganinta ba. In akwai ɗan Tasawa a cikinku, ya kai mata gaisuwa.

A In Gezzam, ƙofar Aljeriya, wani ɗan dowan, wato kwastan, ya tsaya a kan ƙunshina ya tambaye ni da Faransanci ko mene ne. Nan ne lekkol ya yi ranarsa. Na miƙe tsaye na ce, "Se mariyaj, mon kumanda!" Wato na aure ne, ranka ya daɗe. Ya buɗe, ya shinshina, ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Fuskarsa ta naɗe kamar tsohuwar tabarma. Ya kira abokin aikinsa ya ba shi sauran, don kada masifar ta ƙare a kansa shi kaɗai, sannan suka ce in ɗaure kayana in wuce. A nan ya kamata in gane cewa mutanen ƙasar nan ba su san darajar goro ba. Amma mai ilimi ba ya gaggawar gane abu.

Tamanrasset gari ne da duwatsu suka yi wa zobe, baƙaƙe, tsaye, kamar an tara su ana jiran magini. Da rana a gasa ka, da safe sanyi ya shiga ƙashinka ya yi sallama. Lawali ya tarbe ni. Na bar yaro mai kumatu, na tarar da mutum mai furfura a gefen kunne, hannuwansa sun yi fari sun daddare da siminti. Na so in ce wani abu, sai na ce masa ya rage tsawo ne ko ni na ƙaru.

Suna kwana a wani gida da ba a gama ginawa ba, shi da ƴan Matamai da ƴan Magariya, duk ma'aikatan shantiye, wato wurin gini. Abinci kuwa burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, da safe shi, da rana shi, in ka yi mafarki ma shi. Nan na tuna furar Rabi, uwar Lawali, wadda na yi shekara da shekaru ina cewa ta cika tsami. Allah ya yafe mini. Mutanen suka zagaye ni da tambaya: an yi ruwa bana? Gero ya yi? Wane yana nan da rai? Wani ƙato ɗan Magariya, wanda ke saɓa buhun siminti kamar matashin kai, ya ce shi ba ya roƙon goron amarya, in dai bar shi ya shinshina ganyen kawai. Na bar shi. Ya daɗe da hancinsa a ciki, ya tashi ya fita waje wai zai duba ko ya bar kwano.

Kafin mu je gidan su Mariyama, Lawali ya ja mini kunne. Ya ce tsohuwar tana jin Hausa sarai, don ubanta yana cikin masu gangarawa da gishiri Damargu su komo da gero, a cikin mutanen ayari ta girma. Amma ba ta kashe Hausarta a kan kowa. Da Buzanci take magana, ɗanta Ilyas, kawun yarinyar, shi ke fassarawa.

Lawali ya raka ni ƙofa ya koma kan kwana ya tsaya. Ilyas ya shigar da ni, dogon mutum, rawani ya rufe komai sai idanu. Na taka karon ɗana, sumul kamar ruwa a faranti, na ji kaina ya ƙara girma. Hajiya Tekna na zaune a kan darduma, ƴar ƙarama, baban rini ya rine mata yatsu, makullai ɗaure a bakin mayafi. Ta dube ni irin kallon da mahauci ke yi wa tsohon rago.

Aka sha shayi, aka sake sha, aka kuma sha. Sai na jawo ƙunshina na kwance a hankali, na buɗe ganye. Wallahi ko a kasuwar Dole ba a ga goro mai sheƙi irin wannan ba. Ko ɗaya bai yamutse ba. Na tura shi gabanta na sunkuyar da kai ina jiran a ce madalla.

Ilyas ya leƙa ƙunshin.

Ilyas ya ce, "Malam, wannan na mene ne?"

Na ce, "Na buɗe baki ne. Mun zo neman iri."

Tsohuwa ta yi magana ba ta ko kalli goron ba. Ilyas ya ce, "Ta ce an gode. Ta ce ka mayar da shi kada ya lalace, mu nan ba mu saba da shi ba."

Ku da kuka san gida kun san abin da ake nufi in an mayar wa mai neman aure goronsa.  Ta sake magana. Ilyas ya ce, "Ta ce ku su wane ne?"

Na ce marina ne mu. Ubana marini, kakana marini, karofinmu na nan a Birni, kowa ya san shi.

"Ta ce yaron yana da hannu, karonsa bai taɓa tashi ba. Amma ta ce don hannu aiki ake ba mutum, ba ƴa ba. Ta ce gobe za ta gonarta a Abalessa, za ta biya da kai ka ga gidan da muka fito. In ka gani, kai da kanka za ka san ko akwai sauran magana."

Na gane karatun. So take in je in ga girmansu, in ji kunya, in janye da ƙafata, kada a ce ita ta kore ni.

Na fito da ƙunshi a hammata. Lawali ya hango shi tun daga nesa. Ya karɓa ya riƙe, muka taho. Da ya yi kuka da ya fi mini sauƙi. Na ce masa ba a gama ba, shi kuma ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa likita.

Da safe na zaɓi farin goro mafi girma na jefa a aljihu. Ba dabara ba ce. An ce mini gidan sarauta za mu, shi ke nan.

Abalessa tana yamma da Tamanrasset. Ka yi ta tafiya cikin tsakuwa da dutse har ka fid da rai, sai kawai ga dabino, ga gonaki kore shar a bakin kori, wato busasshen rafi. Ilyas ke tuƙi, tsohuwa na gaba, ni ina baya tare da buhun taki. A gefen gari akwai wani tudu, a kansa wani gini na duwatsu, shi ne fadar sarauniyar da suka ce ita ce uwar Buzayen duwatsun nan. Sunanta ba zan rubuta ba, don mu ba ma kiran sunan mai sarauta gatsau. Mai son ji ya tambayi Buzu.

A gindin tudun gwamnati ta yi muze, wato ɗakin da ake ajiye kayan mutanen da ba su nan don waɗanda ke nan su zo su yi mamaki. Gardiye, mai gadin wurin, ya shigar da mu. Na ga kan kibau na dutse, na ga tukwane, na ga sirdin raƙumi da takuba da garkuwa. Na ga dutsen niƙa sak irin wanda Rabi ta jefar bayan ɗaki, nan an sa shi cikin gilashi, ba mai taɓa shi sai da izini. Na ga rubutun Buzaye, ɗigo da zobe da sanda, kamar kaji sun yi taro a kan rairayi. Ƙarƙashin kowane abu an yi bayani da Larabci da Faransanci. Na karanta rabin Faransancin, sauran rabin na bar shi don kada gardiye ya ga na fi shi.

Tsohuwa na gaba, ba ta nuni da hannu, da haɓa take yi. Ta tsaya a gaban hoton mundayen zinariya da azurfa da aka samu a hannun sarauniyar. Ilyas ya ce, "Ta ce daga wannan hannun muka fito." Gardiye ya ƙara da cewa ai Nasara ne suka tone ta, ƙasusuwanta da mundayen suna can babban birni. Na ce, "An tashi sarauniya daga gidanta, kuna kallo?" Ilyas bai fassara wannan ba.

Gaskiya dai zan faɗa muku, abin da tsohuwa ta so ya samu. Na ji na ƙanƙance. Ga mutane da kakarsu a cikin gilashi, gwamnati na biyan mai gadi. Ni kakana ramin baba ya bari, shi ma rabinsa shara ta cika.

Muka fito muka nufi tudu. Rana ta take tsaka. Fadar ba ta da rufi yanzu, amma bango na nan, kauri kamar na birni, duwatsu an jera su ɗaya kan ɗaya, ƙofa guda, ɗakuna a ciki suna bin juna. Wata motar ƴan yawon buɗe ido ta zo daga arewa, samari sun hau kan bango da takalmansu suna ɗaukar hoto, wani yana cin ƴaƴan kabewa yana tofar da ɓawo.

Ina isa gindin tudu na tuɓe takalmi. Na rantse muku ban yi shawara da kaina ba, ƙafafun ne suka yi abinsu. Mu ƴan Birni tun muna yara in za mu gifta ƙofar fada takalmi a hannu yake, ko sarki ya yi tafiya.

Ilyas ya juyo. "Malam, mayar da takalminka, ba masallaci ba ne. Dutsen nan yanzu gurasa ake gasawa a kansa."

Na ce, "Gidan sarauta ne ko ba gidan sarauta ba ne?"

"Ai ta mutu tun kafin kakannin kakanninmu."

Na ce, "Mutuwa ta yi. An ce maka an tuɓe ta ne?"

Ya buɗe baki ya rufe, ko da yake ban ga bakin ba, rawanin ne ya motsa. Na kama hawa. Taku na farko na tuna uwata, na biyu na tuna kakata. Kafin in kai ƙofa na gama tuna dangi duka na shiga maƙwabta. Amma mutum in ya riga ya faɗi babbar magana a gaban surukan da yake nema, ba ya tsalle-tsalle. Na taka a hankali kamar liman.

Gardiye ya kai mu ɗakin da aka same ta, wani rami ne da aka kewaye. Na tsuguna, na dunƙule hannu na ɗaga. Na buɗe baki zan ce ranki ya daɗe, sai na ga bai dace ba, don wannan addu'ar ta makara. Na ce, "Allah ya ja zamanin zuriyarki. Issufu ɗan marina na Birnin Damagaram ke gaisuwa. Baƙo ne, ya zo neman iri a gidanki." Na fito da farin goro na aza a kan dutse. Kada malamai su tashi mini, na san matacce ba ya cin goro. Gaisuwa ce, ba sujada ba.

To a nan ne fa na gane ramin da na haƙa wa kaina. A fadarmu sarki ba ya amsa gaisuwa da bakinsa. Bafade ne ke ɗaga murya ya ce sarki ya gaishe ka, sannan ka tashi. Wanda ya tashi ba a amsa ba, gara ma bai zo ba, ya zama ya yi wa fada tsaki. Na waiga dama, na waiga hagu. Ba dogari, ba bafade, sai samari masu waya.

Dutse na cin tafin ƙafata. Samarin suka sauko suka kewaye ni suna dariya, kowa ya saita wayarsa. Gardiye yana ta faɗa da Larabci, abin da na tsinta kawai shi ne "mamnu'u, ya Hajj", wato an hana, yana nuna goron. Ilyas ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Malam, don girman Allah tashi. Kana tara mana mutane."

Na ce, "Ba a amsa ba."

"Wa zai amsa? Ba kowa a nan!"

Na ce, "Wannan kuma sakacin fadarku ne, ba nawa ba."

Baki ne kawai ke faɗa, zuciya ta riga ta karaya. Zufa na zuba a idona. Na ce Issufu, jiya an mayar maka da goro, yau kuma ka nuna musu uban yaron taɓaɓɓe ne. A zuciyata na ga Lawali tsaye a kan kwana da ƙunshi a hannu. Na ce to, auren dai ya tafi, amma ba za a ce ɗan Birni ya gaida fada ya tashi ba a sallame shi ba. Na ƙara ɗaga hannu.

Sai na ji wata murya a bayana, siririya, mai kaushi, da wata irin tsohuwar Hausa da na rabu da ji tun rasuwar kakata.

"Sarauniya ta gaishe ka, Bahaushe."

Dariyar samarin ta yanke.

"Ta ce ka tashi hakanan, kada ka dahu a ɗakinta."

Hajiya Tekna ce. Ta juya kan samarin ta zazzaga musu wani Larabci, ban ji ko kalma ba amma na ji daɗinsa. Wayoyi suka koma aljihu, mai ɓawon kabewa ya duƙa yana tsince abinsa. Sannan ta dubi ƙafafun Ilyas.  Bawan Allah ya zare takalmi, ya taka dutse, ya fara rawar da ban san Buzaye sun iya ba.

Na ce, "Hajiya, wanda ya amsa gaisuwa shi ke ɗaukar goro. Haka ake yi."

Ta ce, "Na sani. Ubana ya tsuguna a ƙofar sarkinku da gishiri, ya dawo ya ba mu labari. Mun zaci ƙari yake yi." Ta duƙa ta ɗauka, ta ɓare, ta jefa ɓari a baki. Na ga ɗacin ya ratsa ta tun daga haɓa har makullan mayafi. Ta ce, "Abin da kuke ratsa sahara da shi ke nan? Allah ya shirye ku." Amma ba ta tofar ba.

Tashi kam na tashi, tafiya ce ta gagara. Tafin ƙafata ya yi bororo kamar an zuba masa tafasasshen mai. Ilyas ya kama kafaɗa, gardiye ya kama ƙafa, aka sauko da ni. Ku rubuta wannan a tarihi: na hau fadar da ƙafa, na sauko a ɗauke, abin da ko sarakuna ba kowanne ke samu ba.

A gonarta aka shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin dabino, ruwa na gudu a ƴar magudana kusa da kaina. Wata yarinya ta fito daga bukka da ƙwarya, lalle ne aka kwaɓa da man shanu. Ta durƙusa tana danne dariya da mayafi.

"Sannu, Baba. Miƙo ƙafar."

Hausarta ta Damagaram ce tsaf, har da jan harshen ƴan Birni. Ban tambayi a wace lekkol ta koya ba, na san mushen, ni na haife shi. Ta shafe mini tafin ƙafa ta naɗe da tsumma. Na ce, "Ƴata, kin ga ikon Allah, ni na zo neman amarya, ni aka fara sa wa lalle." Ta kwashe ƙwarya ta gudu.

Duk wannan fa ba a ce mini e ba, ba a ce a'a ba. Tsohuwa na zaune tana juya sauran ɓarin goro a hannu.

Ta ce, "Wauta ka yi yau."

Na ce, "Wauta ce, Hajiya, amma ta gado ce."

"Na kai mutane da yawa gidan nan. Kowa sai ya ce kai, ginin ya tsufa." Ta kori ƙuda. "Ɗan nan naka, lokacin da yake mana aiki, da hannuna nake zuba masa abinci, ya zauna a gabana ya ci har ya suɗe kwano. Ka faɗa masa ya ci na ƙarshe. Daga yau kada in ƙara ganin bakinsa. Ya nemi rawani ya rufe fuska, in ya hango ni a hanya ya sake wata."

Ilyas ya gyara murya zai yi mini bayani. Na ɗaga masa hannu.

Na ce, "Ilyas, ajiye fassararka. Mu ma muna da surukai."

Da la'asar suka sauke ni a ƙofar shantiye. Lawali ya fito da cokalin gini a hannu, ƴan Matamai da ƴan Magariya na biye da shi. Ya ga ana tallabo ni, ƙafafu naɗe da tsumma, ja ya ɓullo ta ko'ina.

"Baba! Me ya same ka? Me ta ce?"

Na zauna a kan bulo, na nemi ruwa, na sha, na kurkure baki. Uba yana da haƙƙin ya ɗan wahalar da ɗan da ya sa shi shan gazuwal.

Na ce, "Ta ce ba ta son ƙara ganin fuskarka."

Cokalin ya faɗi. 

"Ta ce kuma ba za ka ƙara cin abinci a gabanta ba har abada. Maza wuce kasuwa ka sayo rawani, shashasha, tun ba a rufe ba."

Ƙaton nan ɗan Magariya shi ya fara gane cewa an ba mu yarinya, ya kurma wani ihu da ya tashi tantabarun unguwa. Lawali kuwa yana tsaye yana kallona, baki buɗe.

Na ce, "Rufe shi. Tun yanzu za ka fara koyo."